Salansar Hilux ɗina: a fasa indomie ko a bar ta?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Ina da Hilux ta fetur, inji 2.7, ƙirar 2012, da ita nake ɗauko masara daga Saminaka. Wata biyu ke nan ta fara yi mini wani iri. Cikin gari lafiya lau take, daga Kawo zuwa Kakuri ba za ka ji komai ba. Amma da na yi lodi aka kamo hanyar Pambeguwa, in an zo hawa sai in taka totur har ƙasa, inji na ta gurnani, mota ba ta gaba. Makon jiya wani mai Golf cike da fasinja har but ya wuce ni yana yi mini hon, na ji kamar in nutse. Ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai in na tsaya, ga wani kas-kas daga ƙasa in an tayar da ita da safe. Makanikena ya ce indomie ce ta toshe, wato tukunyar nan ta jikin salansa mai rage gubar hayaƙi. Shawararsa a fasa ta a zubar, a sa bututu mai inci uku tun daga gaba har baya, a sa tukunya mai ƙara, wai motar za ta koma doki. Kuma ya ce kuɗin fasawar ya yafe mini. Me kuka gani?

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Alhaji fasa kawai. Tawa shekara uku ke nan da na cire, ko tari ba ta taɓa yi ba. Wannan abu Turawa suka yi wa ƙasarsu.

Bakano a Kaduna: Tsaya tukuna. Makanike ne ya ce ya yafe maka kuɗin aiki? A Kadunar nan? Alhaji, ruwa ba ya tsami banza. Tambaye shi abin da aka fasa ɗin wa zai tafi da shi.

Ɗan Rigasa: Ga Bakano nan, ya ji ƙanshin kuɗi ya fito.

Bakano a Kaduna: Ai ku Zagezagi shi ya sa kullum ake cin kasuwarku kuna godiya.

Injiniya Unguwar Rimi: Alhaji, kafin a kai ga zarto, tambaya biyu. Wutar cek, wato wutar gargaɗin inji da ke gaban direba, tana kunne? Kuma motar ta taɓa yin rawa ko tsinkewa, musamman da lodi?

Baban Khalifa: Wutar cek kam ta fi wata shida a kunne, Injiniya, har na daina ganinta. Rawa kuma tana yi tun damina. Wani lokaci wutar har ƙyaftawa take yi, in na sassauta ƙafa ta daina.

Injiniya Unguwar Rimi: To a nan gizo ke saƙa. Bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Abin da muke kira indomie, sunanta na gaskiya katalis. In ka leƙa cikinta za ka ga farin abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ko kamar taliyar da ba a dafa ba, daga nan sunan ya samo asali. Irin yumɓun tangaran ne, kuma a kowane inci ɗaya murabba'i akwai ramuka wajen 400 ko fiye. An shafe cikin ramukan da ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. 'Yan giram kaɗan ne gaba ɗaya. Hayaƙi in ya bi ta ciki da zafi, sai ƙarafan nan su juya guba uku: iskar kabon monoksaid, ɗanyen man da bai ƙone ba, da hayaƙin naitirojin. Su koma ruwa, iskar naitirojin da kabon dayoksaid. Ba tace hayaƙi take yi kamar rariya ba, ƙarasa ƙona shi take yi. Shi ya sa ba ta fara aiki sai ta kai zafin digiri wajen 250 zuwa 300, kuma a kan hanya takan wuce 500 cikin sauƙi.

Yanzu ga inda na nufa. Ba ta da abin da ke juyawa, ba ta da abin da ke gogawa. Da wuya ta mutu don kanta, kashe ta ake yi. Wannan rawar da kake ji, silinda ɗaya ce ke tsallake wuta. Duk tsallakewa ɗaya, ɗanyen fetur ne ke fita ya faɗa cikin indomie mai zafi ya kama a can. Zafin sai ya wuce ƙima, saƙar ta narke, ramukan su liƙe. Ƙyaftawar wutar cek kuma, motar ce ke gaya maka a lokacin cewa tsallakewar ta kai matakin da za ta ƙona katalis. Kas-kas ɗin nan na safe gutsattsarinta ne.

Saboda haka makanikenka bai yi ƙarya ba da ya ce ta toshe. Amma bai gaya maka me ya toshe ta ba.

Oga Walda Panteka: Injiniya ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara daga bakin aiki. Kafin a yanka komai akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A kwance sensar gaba mai auna hayaƙi, wadda ke kusa da manifol, inda salansa ke haɗuwa da inji, a bar raminta a buɗe, a ɗan zaga da motar minti biyu kawai. Za ta yi ƙara, ba komai. In ta sami ƙarfi nan take, hayaƙi ya sami ƙofar fita ke nan, toshewa ta tabbata. Wanda ke da geji kuma ya ɗaura a ramin, in inji na kan juyi 2,500 a minti bai kamata allura ta wuce PSI 3 a ma'aunin matsin iska ba. Kada dai a yi doguwar tafiya a haka, hayaƙin da ke fitowa ta ramin yana iya narkar da waya.

Ɗan Rigasa: Duk wannan turanci ne. Ni dai na cire, mota ta sami ƙarfi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Injiniya Unguwar Rimi: Ban musa maka ba ɗan'uwa. Taka ma a toshe take lokacin da ka cire, ko ba haka ba? Ƙarfin da ka ji ba ƙari ba ne, naka ne na asali ya dawo. Mutum ne aka toshe wa hanci aka sake shi. Da lafiyayya ka cire, abin da za ka samu a inji irin wannan bai kai ka ji shi a ƙafarka ba, sai dai ƙara da wari.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Ni a PAN na Kakuri na ƙare ƙuruciyata, kamfanin harhaɗa motocin Fijo da aka buɗe a 1975. A-kori-kura 404 da 504 da muka sani ba su da wata indomie. Kafireto ne, bututu, tukunya, shi ke nan, kuma sun yi wa ƙasar nan bauta daga Kafanchan har Illela. To amma kada Ɗan Rigasa ya yi murna, don ba goyon bayansa na zo yi ba. Lokacin ko an sa mata ba za ta rayu ba, domin fetur ɗinmu akwai dalma a ciki, dalma kuwa tana lulluɓe ƙarafan nan ta kashe su. Abin dariya, a shekarar da muka fara harhaɗa mota a Kakuri, a 1975 ɗin, a ita Amurka ta fara fitar da yawancin motocinta da katalis, suka kawo fetur marar dalma saboda ita. Mu sai farkon shekarun 2000 aka daina sa dalma a namu. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Motar da aka ƙera da kwamfuta da sensa, ba za ka yi mata aikin 504 ka ce ka gyara ba. Kowane zamani da rigarsa.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara girma Baba. Ashe har da tarihi za mu sha.

Malam Mai Shago: Ni labarina daban ne, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tacoma gare ni 'yar Amurka. Na kai ta wani gareji, ba zan faɗi wuri ba, don a canza mini kulochi. Ta kwana biyu. Da na karɓo sai na ji muryarta ta canza, tana wani amo kamar ana magana cikin tulu. Na ce ko kunnena ne. Bayan kwana uku wutar cek ta kama. Aka sa kwamfuta, ta nuna P0420, lambar da ke nufin indomie ba ta aikinta. Muka hau rami muka duba, tukunyar indomie na nan daram, ba yanka, ba tabo. Har za mu sauka wani yaro ɗan koyo ya ce a ba shi waya. Ya zura hannu saman tukunyar, tsakaninta da bodi, inda ido ba ya kaiwa, ya ɗauki hoto. Sai ga sabuwar walda mai kusurwa huɗu kamar ƙofar akurki, an ma shafa mata baƙin mai da ƙasa don ta yi kama da tsohuwa. An sauke ta, an buɗe ta sama, an kwashe cikin tas, an mayar. Na koma, kowa ya rantse. Ba ni da shaidar yadda na kai ta, sai na bar wa Allah. Yanzu duk inda zan bar mota sai na ɗauki hoton ƙasanta, gaban mai garejin, yana kallo.

Bakano a Kaduna: Allah ya mayar da alheri Malam. Kun ga abin da nake faɗa. Rodiyam ɗin nan a 2021 sai da awo ɗaya na oza ya haura dala 25,000, ya ninka zinariya sau fiye da goma. Ya sauko sosai daga baya, amma har yanzu ba abin zubarwa ba ne. Yawancinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, faladiyam kuma Rasha ce kan gaba. 'Yan gwangwan ba su san sunayen nan ba, amma sun san lambar da ke jikin tukunya, sun san wadda ta fi wata tsada. Ba a nan kaɗai ba, a Ingila da Amurka ma da zarto ake bin motoci cikin dare, kuma a-kori-kura ta fi sauƙi tunda tana da tsayi, ɓarawo ba ya bukatar jak.

Oga Walda Panteka: Don Allah a riƙa yi mana adalci dai. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni in na cire, a buhu nake zuba wa mai mota abinsa, in zai sayar ya sayar da kansa.

Malam Mai Shago: Oga ba da kai nake ba, Allah ya sani.

Ɗan Rigasa: To naji. Amma ku gaya mini gaskiya, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, wa ke da kuɗin sabuwar indomie ta asali? Mutum na fama da na fetur za ku ce ya sayi abin tace iska. Ga tireloli nan a hanyar Nnamdi Azikiwe suna turnuƙe gari, ga janareta kowane shago. Hilux ɗin Alhaji ce za ta ɓata iskar Kaduna?

Maman Husna: Ɗan Rigasa, yau dai sai na tanka maka. Ni ba na jin inji, aikin jinya nake yi. Bar maganar iskar gari, yi maganar mutum shida da ke zaune a bayan motar. Alhaji, ba ka ɗaukar 'yan dako a kan buhuna? Wannan kabon monoksaid da Injiniya ya ambata ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai wadda ke kashe iyali guda in sun kwana da janareta a cikin gida. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci. Sau nawa yaro zai sauko daga bayan mota yana layi a ce rana ce ta buge shi? Ina ganin masu a-kori-kura suna yanke bututu ya tsaya a ƙarƙashin bodi, ga tamfol an rufa. Ko me za ku yi wa salansa, ku bari bakinta ya fito waje sosai.

Baban Khalifa: Hajiya kin taɓa ni. Yarana biyu na lodi kullum a baya suke, ɗaya ma ɗan yayata ne.

Ɗan Rigasa: Wannan kam gaskiya ce Hajiya, ban ja ba. Nawa bututun har baya yake. Amma maganar tsada tana nan.

Injiniya Unguwar Rimi: Tana nan, ba wanda ya isa ya share ta. Kuma bari in rage wa ɓangarena ƙarfi kaɗan, don ana yawan cewa duk wanda ya cire indomie motarsa za ta riƙa shan mai kamar rami. Ba kullum ba. Sensar gaba ce ke gaya wa kwamfuta yawan man da za ta sake. Ta baya babban aikinta sa ido a kan indomie, in ta ga hayaƙin da ya fita daidai yake da wanda ya shiga sai ta kunna wuta. Shan man da ake gani bayan fasawa, sau da yawa daga aikin ne: an buga guduma sensa na jiki, ko walda ta bar ƙofa iska na shiga gaban sensa, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara. Babbar asarar a wurina ita ce wutar cek da za ta zauna a kunne har abada. Ranar da wata cuta ta gaske ta zo, ba mai gaya maka. Alhaji ma ai haka ta faru da shi, wata shida motar na kiransa.

Sai bututu mai inci uku. Alhaji, injinka silinda huɗu ne, dokinsa wajen 160. Hayaƙi ba zuba yake kamar ruwan famfo ba, bugu-bugu yake fita, kuma kowane bugu in yana da gudu yana jan na bayansa. Ka faɗaɗa bututu fiye da ƙima, gudun ya ragu, jan ya mutu. Inda za ka ji rashin kuwa shi ne a ƙananan juyi, wato daidai lokacin da kake tashi da buhu a giya ta ɗaya da ta biyu. Inci uku na manyan injina ne irin Tundra mai silinda takwas, ko dizal mai tabo (turbo). Kai ka tsaya a girman da ta zo da shi, in ka matsa ƙwarai biyu da rabi.

Oga Walda Panteka: Kuma a lura da lanƙwasa. Bututu mai faɗi da aka lanƙwasa ya tsuke a gwiwa, gara ƙarami mai lafiya. Sannan a mayar da robobin rataya da ɗan faifan da ke kare zafi. Na ga motar da aka ɗaure salansarta da waya, wata uku manifol ya tsage. Ku masu shiga gona da rani, indomie tana iya kunna busasshiyar ciyawa in kun tsaya a kanta, faifan nan ba ado ba ne.

Direban Kachia: Ni tawa ta dizal ce, ina ɗauko citta. Duk wannan ya shafe ni?

Injiniya Unguwar Rimi: Wani ɓangare. Dizal tata katalis daban ce, kuma waɗanda aka yi wa Turai suna da ƙarin matatar kunkunniya. Ita wannan tace baƙin hayaƙi take yi da gaske, sannan ta ƙone shi in ta yi zafi wajen digiri 600 a doguwar tafiya. Yawon cikin gari da dizal mai yawan farar wuta su ke cika ta. Kai da ke bin hanyar Kachia ka fi mai zagayen Ahmadu Bello Way kwanciyar hankali. Buɗe naka zaren mu tattauna, kada mu cinye na Alhaji.

Bakano a Kaduna: In za a sayi ta hannu 'yar Beljiyam, a tafi da tocila. Haska ta gefe ɗaya ka leƙa ta ɗayan, ka ga haske na ratsa ramukan ko'ina. Girgiza ta, kada ka ji motsi. Duba jikinta kaf ko akwai sabuwar walda. Akwai masu cusa wayar wanke tukunya a ciki don ta yi nauyi. Sababbi masu arha ɗin nan kuma masu ƙyalli, ƙarfen da aka shafa musu kaɗan ne, wata biyu wutar ta dawo.

Ɗan Rigasa: Wanda ya san duk dabarun nan haka, anya?

Bakano a Kaduna: Sanin ɓarawo ba sata ba ne, Bazazzagi.

Baba Tsohon Ma'aikaci: A duba baƙin mai kuma. In inji na cin baƙin mai ko ruwan lagireto na shiga silinda, sabuwar ma ba za ta kai baɗi ba. Kuma a gaya wa yaran gareji su daina lafta gam a kan gasket ɗin salansa, wani irin gam ɗin yana kashe sensa.

Baban Khalifa: Salam 'yan gida, na dawo da rahoto, kwana tara ke nan. Na bi maganar Injiniya na fara da kwamfuta. Lamba biyu ta fito, P0420 da P0303. Mai na'urar ya ce ta biyun tana nufin silinda ta uku ke tsallake wuta. Aka ciro koyil ɗinta mai ba fulogi wuta, sai ga tsaga a jikin robar da wani farin layi inda wuta ke tsalle. Fulogin kuma baƙi ƙirin, jiƙe da mai, sauran ukun sun cinye har baki ya buɗe. Ni da kaina na san rabon da a canza su an daɗe, ba sai an gaya mini ba.

Muka yi gwajin Oga Walda, mota ta zabura kamar an tsikare ta. Da aka sauke tukunyar na leƙa da idona. Fuskar gaba ta narke ta dunƙule kamar alewar da aka bari a rana, tsakiya ta fashe gida uku, wani gutsure ya juya ya tokare bakin fita. Da aka ɗaga tukunyar baya aka girgiza, sai ga gari da tsakuwa suna zuba, kusan rabin kofi. Ita ma ashe ta cika, dole na canza ta.

Na sa koyil ɗaya, fulogi huɗu, indomie 'yar Beljiyam wadda na haska da tocila har mai shagon ya tambaye ni ko sana'ata ce. Bututu na bar shi yadda yake, bakinsa har waje, Hajiya. Kuɗi kam na ji a jikina, kada ma ku tambaya. Jiya na taso daga Saminaka da lodi, hawan da ke tsayar da ni na haye shi a giya ta uku, wuta ba ta kama ba har Maraban Jos, har gida.

Maman Husna: Alhamdu lillahi. Allah ya tsare hanya.

Injiniya Unguwar Rimi: Madalla. Ka ba ta mako biyu kafin ka yi murna sosai, kwamfuta sai ta yi 'yan tafiye-tafiye kafin ta gama gwada sabuwar. In wutar ta dawo kada a goge, a karanta tukuna.

Ɗan Rigasa: Allah ya sanya alheri Alhaji. Ni dai tawa tana nan a fashe, kuma gobe zan je Zariya in dawo. Sai dai zan sa a duba mini fulogi.

Bakano a Kaduna: Alhaji, tsohuwar fa? Ka bar ta a can?

Baban Khalifa: Tana cikin buhu a ƙarƙashin gadona, har garin da aka girgizo. Makanikena ya kira ni sau uku tun shekaranjiya, wai yana gaishe ni ne kawai.